Likita a kujerar majalisa ko a gaban kwamiti?

Likitan da ke son a gyara dokar lafiya a jiharsa a Amurka yana da hanya biyu: ya tsaya takara, ko ya ci gaba da duba marasa lafiya yana kai kokensa majalisa.

Richard Pan, likitan yara, ya ɗauki ta farko. Da ƙyanda ta ɓarke a wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Kalifoniya a ƙarshen 2014, yana sanata a majalisar jihar Kalifoniya. Shi da Sanata Ben Allen suka gabatar da ƙudirin SB 277, wanda ya soke damar shigar da yaro makaranta ba rigakafi saboda ra'ayin iyaye kawai. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a watan Yunin 2015. Sai dai abin ba banza ba: an yi ta yi wa Pan barazana, har wani mai adawa da rigakafi ya hankaɗe shi a titin Sakaramento a 2019.

Ta biyu ba ta da wannan ƙarfi. Mintuna kaɗan kwamitin majalisa ke ba likita mai ba da shaida, kuma ba ya kaɗa ƙuri'a. Amma da safe ya ga jaririn da zazzaɓi ya galabaitar, da rana ya faɗa wa 'yan majalisa abin da idonsa ya gani. Ƙungiyar likitocin Kalifoniya ma ta mara wa ƙudirin SB 277 baya.

A ganina, yawancin likitoci ta biyun ce ta dace da su, domin asibiti na buƙatarsu. Amma jihar da babu likita ko ɗaya a majalisarta, marasa lafiyarta ne ke kwana a ciki.