Emi Kusi ko Ruwenzori: wanne za ka hau, kuma wa zai yi maka jagora?

Kilimanjaro kowa ya san shi, dubban mutane ke hawansa duk shekara. Amma mai son dutsen da ba cinkoso, a Afirka guda biyu nake ganin sun cancanci a tara musu kuɗi: Emi Kusi a arewacin Chadi, da ƙololuwar Margherita a tsaunukan Ruwenzori, kan iyakar Uganda da Kwango.

Emi Kusi tsohon dutse ne mai aman wuta a Tibesti, ƙasar Tubawa. Tsayinsa mita 3,415, duk Sahara babu wanda ya kai shi. Hawansa ba ya buƙatar igiya, tafiya ce a ƙafa kan duwatsu, dabbobi na ɗauke da kaya har inda za su iya. A samansa akwai makeken kwari mai faɗin fiye da kilomita 10, a cikinsa kuma ga ramin Era Kohor, gindinsa fari fat da kanwa. Wahalar tana wajen isa. Daga Njamena kwanaki ake yi a mota kafin Faya-Largeau, daga nan kuma sai rairayi da dutse. Ba asibiti kusa, ba sabis ɗin waya, ruwa sai wanda aka ɗauko, har alwala sau da yawa taimama ce. Ga kuma nakiyoyin da yaƙin Chadi da Libiya ya bari, wanda aka gama a 1987, shi ya sa direban da ya san hanya ya fi sabuwar mota daraja. Ana zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma da dare a can sama ruwa yana daskarewa. Ka ware mako biyu zuwa uku.

Ruwenzori kuwa ruwa ne ya yi yawa. Isa garin Kasese na Uganda, da ke gindin tsaunukan, ba wuya, amma daga nan taɓo ne wani wuri har gwiwa, da hazo, da ruwan sama ko a lokacin da ake kira rani, wato Yuni zuwa Agusta da Disamba zuwa Fabrairu. Margherita mita 5,109 ce, an fara hawanta a 1906, kuma ranar kaiwa ƙololuwar kan ƙanƙara ake tafiya, da igiya da takalmi mai ƙayoyin ƙarfe. Hanyoyi biyu aka fi bi, ta Nyakalengija da ta Kilembe, kwana 7 zuwa 8 ko fiye. Akwai bukkokin kwana, kuma Bakonzo 'yan ƙasa ke jagora da dako. Nan haɗarin ciwon tsauni ne: ciwon kai, amai, rashin barci, in ya tsananta ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Yana iya farawa daga mita 2,500, kuma ƙarfin jiki ba ya hana shi. Likitoci na ba da shawarar bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Saboda haka in an ba ka zaɓi tsakanin kwana 7 da 8, biya na 8. Wannan rana guda ita ce abin da ya fi kome amfani a cikin kuɗinka.

A ganina, wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba amma ya saba da zafi da doguwar tafiya, Emi Kusi ya fi masa, muddin tsaron yankin ya ba da dama a shekarar. Wanda hutunsa gajere ne, ya tafi Ruwenzori.

Sai batun kamfani. Na Turai sun fi tsada, kuma yawanci wani kamfanin gida suke miƙa wa aikin. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka shi ne wanda za ka riƙe in abu ya lalace. Na gida sun fi araha, amma binciken naka ne. Kowanne ka zaɓa, tambayar farko ita ce: in mutum ya faɗi ciwo a rana ta huɗu, yaya za a fito da shi? Wanda ya amsa da “ba abin da zai faru” ka bar shi. Na Chadi ya gaya maka motoci nawa za su tafi, don mota ɗaya a wannan sahara ganganci ne, ko akwai wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya, lita nawa ta ruwa aka ƙiyasta wa kowa, da wa zai karɓo takardar izinin yawo a Njamena. Na Uganda ya faɗi mutum nawa jagora ɗaya ke ɗaure wa igiya ranar ƙanƙara, ko kuɗin shiga gandun daji da hayar kayan hawa suna cikin farashi, da kilo nawa ake ɗora wa ɗan dako. Duk a rubuce.

Inshora kuma a karanta ta da kyau. Da yawa suna da iyakar tsayi, wasu ba sa biya a yankin da gwamnatoci suka gargaɗi matafiya, kuma Tibesti yana cikin irin waɗannan.

Kafin ka zuba kuɗi a ɗayansu, gwada ƙafarka a Chappal Waddi da ke gandun Gashaka-Gumti a Taraba, mita 2,419, dutse mafi tsayi a Najeriya. Ka je da takalmin da za ka yi babbar tafiyar da shi.