Shagon da ya ɗinka mana yunifom, ogansu ya iya lissafin aiki

Masu neman inda za su kai ɗinki mai yawa a Kano, irin yunifom ɗin makaranta ko ankon biki, ga yadda ta kaya tsakaninmu da wani shago da muka ba rigunan ɗalibai 450. Yadin mu muka sayo da kanmu a Kantin Kwari, ɗinki kawai suka yi.

Wallahi lissafin ogan ne ya saye ni. Kun san halin teloli, ko kaya sun kai rufi sai dai ka ji "Alhaji ka dawo jibi", jibin kuma ba ta zuwa. Shi wannan da na tambaye shi yaushe zan karɓa sai ya jawo biro ya juya bayan rasit, ya ce yarana 10 ne a kan keke, kowa awa 8, minti 4,800 ke nan a wuni, riga ɗaya daga haɗa kafaɗa zuwa kwala da aljihu da wibin (ɗinke bakin yadi kar ya warware) tana cin kamar minti 40, to a takarda riga 120 ce. Amma ya ce kar ma in sa rai da 120 ɗin, don akwai salla da cin abinci, zare ya tsinke, allura ta karye, NEPA su ɗauke wuta a tsaya tada janareta, shi kashi 65 cikin 100 yake ɗauka, riga 78.

Bai tsaya nan ba fa. Ya nuna min keken ramin maɓalli a can lungu, guda ɗaya tak gare su, ya ce duk gudun da kekunan ɗinkin nan na Juki za su yi sai riga ta bi layi a nan, kuma da ƙyar take wuce 70 a rana. Don haka da 70 ya raba, kwana 7 na ɗinki, ya ƙara na yanka da guga, kuma ya cire Juma'a don rabin wuni suke yi. Ranar da ya faɗa ranar na samu kayana a ɗaure cikin leda, kowane sayis daban.

Inda suka gaza, kuɗinsu ya ɗan fi na sauran wurare kuma kafin alƙalami rabin kuɗi suke karɓa, ba ragi ko sisi. Sannan gaggawa ta nuna a gugar, wasu rigunan ba a yanke zaren da ke reto ba, guda biyar kuma aljihun ya karkace sai da na mayar, sun dai gyara ba su karɓi komai ba.

Zan sake kai musu insha Allah. In za ku je ku kai da wuri, ana gab da komawa makaranta ko azumi ya shiga ba sa karɓar sabon aiki.