Shagon haɗa fenti a Suame da keken da na yi wa launin jan goro

Wata huɗu ke nan ina hawan keken da na haɗa a tsakar gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, kuma da wuya in je Kejetia in dawo ba wanda ya tsayar da ni ya tambayi inda aka yi mini fenti. A gida na yi. Kayan dai, da rabin ilimin aikin, daga wani ƙaramin shagon haɗa fentin mota suka fito a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota, kuma shi nake so in ba ku labari.

Firam ɗin tsohon keken dutse ne na ƙarfe, mai taya inci 26, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai an riga an mora. Tsatsa ta ci ƙarƙashinsa, amma babu lanƙwasa, babu tsaguwa a wajen walda. Da niyyar sayen gwangwanin feshi biyu na shiga Magazine, in fesa a kan tsohon fentin in huta. Mai shagon dattijo ne, yaransa na ce masa Masta, Hausa a bakinsa kamar a Zango aka haife shi. Ya juya firam ɗin, ya kankare wajen tsatsar da farce, ya ce, "Ɗana, in ka fesa a kan wannan, kafin damina ta fita zai kumbura ya ɓare. Kuɗinka ne, amma ni ba zan ce maka ka yi ba." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Sai ya jawo mini benci.

Abin da ya sa nake yaba shagon ke nan. Ya fi minti ashirin yana tsara mini aikin alhali masu motoci na jira. Samfefa mai lamba 120 don cire tsohon fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fari. A goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, da tsumma mai tsabta, daga nan kada hannu ya sake taɓa ƙarfen, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana fenti kamawa. Sai furaima, wato shafin farko da fenti ke hawa, irin wadda ke cizon ƙarfe tsirara, a bar ta ta bushe, a bi ta da lamba 400, sannan 600 da ruwa. Ya kuma nuna mini wuraren da fenti ba ya shiga: zaren gindin feda, cikin bututun sirdi, cikin wuyan da fok ke zama, da ƙusoshin da birki ke hawa. Na cusa musu jarida na naɗe da tef. Da na zo ɗaura kaya ne na gane amfanin wannan, don komai ya shige ba gardama.

Launin shi ne abin da ya fi burge ni. Kakana falken goro ne, goro ya kawo shi ƙasar Asante, don haka jan goro nake so, ba jan mota ba. Na ɓare ƙwaya ɗaya cikin biyun da ke wajena na miƙa masa. Ya ce in riƙe ɗayar a aljihu, saboda goro in ya sha iska yana rinewa, kada mu bi launin da ya riga ya canja. Ya zuba ja, ya ɗiga wani mai kama da shunayya, ya ƙara ɗan fari, yana juyawa da sanda yana shafawa a murfin gwangwani. Sau uku yana fita da murfin rana yana dubawa. A na ukun ya ce in ɓare ta biyun, muka kara su. Wallahi sai da na yi shiru.

Kwamfaresa da bindigar feshi aro na yi wajen maƙwabcina kafinta. Na rataye firam ɗin da waya a reshen mangwaro, na kewaye da tsohuwar leda. Tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bindiga da ƙarfe, hannu na tafiya kafin a danna, shafi siriri sau uku da hutun minti goma zuwa sha biyar a tsakani. Bututun keke ba kamar ƙofar mota ba ne, zagaye yake, rabin fentin iska ke kwashewa, kuma lungun da bututu uku suka haɗu ƙarƙashin sirdi shi ne inda yake son taruwa ya zubo. Lungunan na fara bi, sannan dogayen wurare, kamar yadda ya ce.

Matsala ta zo a shafin ƙarshe, mai sheƙin da ke kare launi, wanda ake haɗawa kashi biyu da kashi ɗaya na maganin taurarawa. Na fesa da yamma bayan an ɗauke ruwa, gari ya yi sanyi. Da safe na tarar ya yi hazo-hazo, sheƙin ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki hoto na koma. Masta bai ce laifina ba ne, ya ce shi ya manta bai gargaɗe ni ba: laima ce ta shiga kafin ya bushe, kuma a Kumasi lokacin damina sai da hantsi ake wannan aiki, rana ta fito ƙasa ta bushe. Ya ƙara mini ɗan kaɗan bai karɓi ko fesuwa ba, wato kwabon Ghana. Na bi shi da lamba 1000 da ruwa, na sake fesawa da ƙarfe goma na safe, ya fito kamar madubi.

Akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba. Samfefar da ke shagon mai arha ce, yashinta na zubewa tun ba a yi nisa ba. Ku saya a wani wuri. Na biyun ya fi nauyi. Maganin taurarawan nan yana da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin tsumma ko na takarda ba ya tare shi, amma shagon ba ya sayar da takunkumi mai matata, kuma na ga yaransa biyu suna feshi da hankici ɗaure a hanci. Na faɗa masa a gabansa, cikin ladabi. Ya ce ya ji. Ni sai da na nemo nawa a wani shago, kuma ranar feshi na tura yara gidan ƙanwata.

Kwana goma na bar firam ɗin rataye a ɗaki kafin in taɓa shi da sifana, don fenti na bushewa a sama tun cikinsa da taushi. Sannan na sa giya bakwai ta Shimano, sabuwar sarƙa, sabon boris da giris. Mai haɗawa ya tuna: fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗaure.

Zuwa yau ƙwarzane ɗaya ne a jikinsa, inda wani aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya goge ni a Alabar, kuma bai kai ga ƙarfe ba. Ragowar fentin na nan a kwalba, da shi zan taɓa wurin ranar Asabar.