Akurkin waya mai ɗaki biyu: wata uku ina renon ɗiyan agwagwa a cikinsa

Jika ashirin da biyar na ba wani mai walda a nan Tawa ya ƙera mini akurkin nan, kuma tun ranar da aka sauke shi daga amalanke Inna take yi mini dariya. Ta yi shekaru tana kiwon agwagi a ƙauye, tsohuwar randa da aka fasa wa gefe ita ce ɗakinsu. "Yaro, agwagwa ce za a yi wa gidan ƙarfe sai ka ce kura?" Na ce, "Inna, naki suna da uwa." Nawa shida ne marayu. Kwanansu huɗu da ƙyanƙyashewa kare ya kashe uwarsu a gidan maƙwabcinmu, bayan ta sha kwancin kwana 35 kamar yadda irin agwagwarmu ta gida take yi. Ga tsakiyar Disamba, hunturu yana busawa.

Tsawon akurkin mita ɗaya da rabi, faɗinsa santimita 80, yana kan ƙafafu huɗu, da rufin kwano. A tsakiya akwai shamaki na waya mai raga da ake zarewa a mayar. Ni ban ma ce a sa shi ba. Mai waldan ne ya ce, "Malam, bar shi, wata rana za ka gode mini." Na gode masa kuwa, amma sai da na fara yin tsaki a kan sauran aikin nasa.

Ragar ƙasa ta yi faɗi. A daren farko ƙafar ɗaya ta zurma, da kukansa muka farka. Na shimfiɗa tsohon buhu, na zuba ƙaiƙayin gero a kai, kullum da safe sai an sake, don babu tsuntsun da ya kai agwagwa jiƙa wurin kwanansa. Bakin wayar ma bai lanƙwasa ba, sau biyu yana yankar uwargida a hannu. Ƙofa kuma ƴar mitsitsiya, in za ka ciro kwanon abinci sai ka karkata shi ya zube.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙwan fitila. Ya sa mini irin fararen nan na zamani masu cin wuta kaɗan, waɗanda haske kawai gare su, babu ɗumi. Ɗan agwagwa a makon farko yana son zafi wajen digiri 32, ana rage masa kamar uku kowane mako. Sai da na zagaya kasuwa kafin na samo tsohon yayi mai zafi. In ba ka da ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya maka: in sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi ne, in sun watse gefe suna haki, ya yi yawa. Daren da aka ɗauke wuta kuwa, ruwan zafi muke ɗurawa a bidon mu naɗe da tsumma su kwanta a jikinsa. Garwashi na gwada sau ɗaya, tsoron hayaƙi ya hana ni barci.

Ɗaya ya mutu, kuma laifina ne, ba na akurki ba. Autata ta matsa sai ta ga suna iyo, na ajiye musu roba cike da ruwa da sanyin safiya. Ashe maiƙon da ke hana gashinsu jiƙewa daga jikin uwa suke samunsa a farkon kwanakin nan. Maraya jiƙewa yake sharkaf kamar auduga. Biyar na ceto da tawul da ɗumin fitila. Daga ranar na huda wani bidon a gefe, ramin da kai zai shiga amma jiki ba zai bi ba. Dole ruwan ya yi zurfin da za su tsoma baki har hanci, kuma kada ka ba su abinci babu ruwa kusa, shaƙewa suke yi.

Suna da mako uku surukina ya zo cin kasuwar Lahadi, ya ga wasu huɗu ƴan mako guda, ya sayo mini don ya ji ina kiwo. Ban yi tunanin komai ba na juye su cikin nawa. Kafin in miƙe babban cikinsu ya cafke wuyan wani ƙarami yana jijjigawa, sauran suka tare bakin kwano. Na kwashe baƙin, na zura shamaki, ina ganin na gama dabara.

Da na je sayen bitamin, likitan dabbobi ya ce ban yi komai ba tukuna. Raga tana hana faɗa, ba ta hana cuta. Agwagwa tana iya ɗauke da ciwo tana yawonta lafiya lau, har ya tuna mini murar tsuntsaye da aka tabbatar a Magarya a 2006, wadda a jikin agwagin gida aka gano ta. Duk abin da ya fito daga kasuwa, in ji shi, a ware shi nesa akalla mako biyu, kwanonsa daban, mai ba shi abinci ya wanke hannu. Haka baƙin suka koma kwali a zaure da bidon ɗinsu na ruwan zafi.

Bayan mako biyun ne shamakin ya nuna amfaninsa. Tsofaffi a ɗaki ɗaya, baƙi a ɗaya, na jera kwanoninsu a jikin ragar ta yadda kowa zai ci yana kallon ɗan'uwansa. Ranar farko babban nan bai ci abin kirki ba, yini ya yi yana saran waya. Rana ta uku ya gaji. Ta biyar na leƙa da dare na tarar sun kwanta jingine da juna, raga a tsakani. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Duk da haka ban zare shamakin a ciki ba, don wurin na tsofaffin ne, za su kare shi. Tsakar gida na fito da su duka da la'asar, na watsa yankakken ganyen zogala da salati ko'ina, na ajiye ruwa wuri biyu. An ɗan ja gashi, an ɗan bi juna, ni kuma na danne zuciyata ban raba ba tunda babu jini. Kwana uku muna haka kafin na bar su su kwana tare.

A ganina mako biyu ne iyakar tazarar shekaru da wannan dabara za ta ɗauka cikin sauƙi. Da a ce ƴan kwana uku aka kawo wa ƴan mako shida, sai dai a jira ƙananan su yi ƙwari.

Batun abinci a taƙaice: na ƴan tsaki na saya, wanda ake ba ƴan kwanaki, ina ɗan yayyafa masa ruwa. Ɗaya ya fara rawar ƙafa, likitan ya ce agwagwa ta fi kaza buƙatar bitamin ɗin da ake kira niyasin, ya ba ni gari ina zubawa a ruwa, ya miƙe. Ya kuma gargaɗe ni kan ƙuli-ƙuli da dussar da suka yi fumfuna, don gubarsu ta fi saurin kashe ɗan agwagwa a kan ɗan tsako.

Daga mako shida akurkin ya yi musu kaɗan, yanzu sai dai in ware marar lafiya a ciki. Tsatsa ta riga ta ci kusurwar da ruwa yake zuba, ga shi wata uku kacal. Zan sake saye? Zan sake, amma da sharaɗi: ragar ƙasa mai ƙananan idanu, ƙofa ta sama mai faɗi, fenti kafin a kawo, da ƙugiyar da za a riƙa ɗaga fitila ana saukewa. Da na je na lissafa masa waɗannan, mai waldan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, shamakin fa?" Na ce shi kam ba ni da ta cewa. Ya ce gyaran jika huɗu ne, mun tsaya a uku.