Manhajar waya ko malami: wanne zai sa bakinka ya kama Ibrananci?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni hanyar koyon Ibrananci, harshen Isra'ila, to tsakanin biyan kuɗin manhajar waya na shekara guda da ɗaukar malami ta bidiyo kol, ɗauki malami kawai, kada ma ka tsaya dogon lissafi. Duka biyun sun ci kuɗina, kuma tunda magana kake so bakinka ya kama ba karatun takarda ba, toh manhaja ba za ta kai ka inda kake so ba.

Ita manhajar ba zan ce ba ta tsinana min komai ba, ta koya min baƙaƙensu guda 22 da biyar ɗin nan da suke canza kama idan sun zo ƙarshen kalma, ta kuma ba ni 'yan kalmomi, iyakar yabon da zan mata ke nan, ragowar kuɗin har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Malamin da na samu wani Balarabe ne ɗan can, mutumin wajen Nazarat, Larabci ne harshen gidansu, Ibrananci kuma da shi ya yi jami'a da shi yake aiki, irinsu suna da yawa don kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne. Ranar farko ko littafi bai buɗe ba, ya ce in karanta masa wasu kalmomi ya ji bakina tukuna. Na zo kan kalmar giwa, su pil suke cewa, ni kuwa da ƙarfin gwiwata na ce fil, mutumin nan ya kwashe da dariya har sai da ya kauce daga gaban kyamara, ya dawo ya ce min ai wannan Larabci na yi masa, kuma Larabcin ma mai kyau. Sai ya ce in samo 'yar takarda in riƙe ta a gaban leɓena, in rufe baki ruf sannan in saki iska da ƙarfi, in takardar ta yi tsalle lokaci guda na yi p, in ta tsaya tana kaɗawa a hankali to f na yi. Haka na zauna da takarda a baki ina pa, pe, po, yara suna leƙo ni ta taga suna ƙyalƙyata dariya, shi kuma yana can yana tafa min duk sanda na dace. Wallahi har yanzu in zan ce po, wato nan, sai na ji kamar yana kallona. Manhajar kuwa duk tsawon zamana da ita tana ta ba ni maki tana min kirari, ba ta taɓa ce min ina kwaɓa wannan harafin ba.

Kuma wannan ba matsalata ni kaɗai ba ce, ciwon Bahaushe ne gaba ɗaya. F ɗinmu da leɓe biyu muke yinsa, yana yawo tsakanin p da f, mutanen Sakkwato da Nijar ma har h yake koma musu. Masu Ibrananci kuma harafi ɗaya ne suke rubutawa, wani lokaci ya zama p wani lokaci f, ɗigo guda a cikinsa ne yake bambantawa, ɗigon kuma ba sa sa shi a jarida ko allon kan titi ko saƙon waya. Ka ɗauki baƙaƙe uku ɗin nan ספר, za a iya karanta su sefer wato littafi, ko safar wato ya ƙirga, ko sapar wato mai aski, duk rubutu ɗaya. Wanda ya taɓa karanta ajami ko Larabcin da ba wasali ya san irin wannan wahalar. Haka b da v, harafi ɗaya ne su ma, mu kuma ba mu da v sam, shi ya sa za ka ji mutumin gida yana cewa Tel Abib, ko ya ce boker tob maimakon boker tov a gaisuwar safe. Malam ne ya ba ni ƙa'idar da ta rage min rabin aikin, ya ce a farkon kalmar asali p ne ko b kullum, a ƙarshe kuma f ne ko v, sai dai in kalmar aro ce irin falafel. Tsakiyar kalma ce kawai sai kunne ya saba.

Wani abin da sai mutum mai kunne ne zai kama ka a kai shi ne cusa wasali. Bakinmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa muka mayar da bread na Turanci burodi, to haka za ka ji kanka kana cewa kitsat alhali ktsat ne, wato kaɗan, ko silikha alhali slikha ne in za ka ba da haƙuri, ko shitayim a madadin shtayim, biyu. Kai ba za ka ji ba wallahi, a kunnenka daidai kake faɗa. Sannan ga inda ake danna murya a kalma, yawanci gaɓar ƙarshe ce amma ba kullum ba, okhel in ka danna farko abinci ne, in ka danna ƙarshe yana ci ne. Mu da muka saba da hawa da saukar murya a Hausa kunnenmu yana saurin kama wannan in an nuna mana, amma fa sai an nuna.

In ka yi Islamiyya ko kana da Larabci, rabi alheri ne rabi tarko. Alherin shi ne tsarin tushen kalma mai baƙi uku duk ɗaya ne, k-t-b ɗin Larabci shi ne k-t-v a wajensu, katav ya rubuta, kotev yana rubutawa, mikhtav wasiƙa, ga yom ga bayit ga layla, ba sai an fassara maka ba, kuma a hirar titi za ka ji suna ta yalla da walla da ahlan da sababa, duk daga Larabci suka ɗauko. Tarkon kuma shi ne za ka ga harafin da ya yi daidai da ainun ko ƙaf ko ɗa mai hannu sai ka zurma maƙogwaro kana fitar da shi daga makhrajinsa, alhali yawancin mutanen yau ba haka suke yi ba. Dalili kuwa, harshen nan ya daɗe ƙwarai a matsayin harshen addu'a da littafi ba na hirar gida ba, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka taso da shi, Eliezer Ben-Yehuda ya isa ƙasar a 1881 ya dage sai dai a yi magana da shi a gida da kasuwa, kuma waɗanda suka fara ɗauka yawancinsu daga gabashin Turai suka zo da Yidish, harshen Yahudawan can, da Rashanci a bakinsu, sai haruffan maƙogwaro suka zube a hanya. Yau ainun ɗinsu kusan ba a jinsa, ƙaf ya zama k zalla, ha mai shaƙewa ta koma kha, wawun ya zama v, sadi kuma ya zama ts. Tsofaffin Yahudawan Yaman da Iraƙi ne za ka ji suna fitar da ainun da ha kamar Balarabe. Malamina ya ce in na yi haka ba kuskure ba ne, za a gane ni sarai, sai dai za a ɗauka kakan wani ne yake magana.

Akwai inda muka fi Bature sa'a dai. Ts muna da shi tun daga tsintsiya, kawai ka sassauta maƙurewar da muke yi masa. Wasulansu biyar ne, a e i o u, ba dogo ba gajere. Sannan bambancin kai da ke, su ata da at, wanda yake ba mai Turanci ciwon kai, mu a gida muka tashi da shi, illa su har mai magana da kansa sai ya nuna, namiji ya ce ani rotse, mace ta ce ani rotsa, duk ina so ne. R ɗinsu daga can baya yake fitowa kamar na Faransanci, 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi lakwal suna samunsa a ɓagas, kai kuma in ya ƙi ka rabu da shi ka yi naka na kaɗa harshe, Larabawan can da yawa haka suke yi kuma ba wanda ya kasa fahimtarsu.

Gaskiya malami ya fi tsada, da dala ake biya, katin naira kuma wani lokaci sai ya ga dama, ga data ga sabis mai ɗaukewa ana tsaka da darasi. Amma ba dole sai kullum ba, ko sau ɗaya a mako ya ishe ka in kana bita tsakani. In aljihu bai kai ba ka nemi ajin haɗaka na intanet irin wanda suke kira ulpan, tsarin da suka kafa don koya wa baƙin da suka yi ƙaura zuwa can, na farkonsa Ulpan Etzion a Kudus a 1949, da Ibrananci ake koyar da Ibrananci tun ranar farko, matakai kuma daga alef ake farawa a jami'o'i har zuwa vav, wato harafinsu na ɗaya zuwa na shida. Ya fi sauƙin kuɗi, sai dai lokacin da za ka buɗe baki ka yi magana kaɗan ne tunda kuna da yawa. Ka lura da agogo, suna gabanmu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafinsu, kuma daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar yawancin malamai Yahudawa ba za ka same su ba, Lahadi kuwa ranar aiki ce a wajensu.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp da Telegram, masu cewa za ka iya Ibrananci cikin wata guda. Da yawansu abin da yake kyauta a intanet suke kwasowa su ɗaure su sayar maka, har da tsohon kwas ɗin nan na FSI da gwamnatin Amurka ta yi wa jami'an diflomasiyyarta, wanda kowa zai iya saukewa ba ko sisi. Wasu kuma littafin Ibranancin Attaura za su miƙo maka su ce duk ɗaya ne, wancan shi ake karantawa a makarantun tauhidi don nazarin Tsohon Alkawari, yana da kyau a muhallinsa, amma ginin jimlarsa daban ne kuma babu kalmar mota ko waya ko tikiti a ciki. Mafi muni su ne masu haɗa kwas da alkawarin biza ko aikin gona a can, su ce ka biya kuɗin satifiket tukuna, kwaɗayi mabuɗin wahala, da ka ji an haɗa darasi da biza ka ja jikinka. Duk wanda zai koyar da kai ya yarda ku yi bidiyo kol na gwaji ka ga fuskarsa, ka ce ya yi maka hira ta minti biyu ba tare da duba takarda ba, ka tambaye shi inda ya koya, kuma darasi-darasi za ka riƙa biya, kada ka tura kuɗin wata uku a dunƙule ko da ya ce zai maka ragi.

Abin da zan ce ka yi, ka sauke manhaja ta kyauta ka haddace baƙaƙen da ita kafin darasin farko don kada ka ƙona dalarka a kan alef bet, kada ka biya na shekara. Kuɗin ka kai wa malami, in so samu ne wanda ya iya Larabci in kai ma kana da shi. Tsakanin darasi kuma ka riƙa kunna rediyon Kan na Isra'ila ko da ba ka gane komai, shafin Forvo yana nan in kana son jin yadda ɗan ƙasa yake furta kalma, shafin Pealim kuma don juya aikatau. Ka ce wa malamin tun farko ya nuna maka rubutun hannu ma, don ya sha bamban da na bugu kuma da shi zai riƙa rubuta maka a allo.