Kwana huɗu a siririn jirgin ruwa a Wales, gaskiyar abun da na gani

Mu biyar ne, duk ɗalibai a Birmingham, bayan mun miƙa aikin ƙarshen zango wani ɗan Zariya a cikinmu ya kawo shawarar mu ɗauki hayar irin siraran jiragen nan da muke gani kullum a magudanan ruwan cikin gari, masu fenti kore da ja. Ni da farko dariya nai, nace mutumin da ko kwale-kwale sau ɗaya ya taɓa shiga a rayuwarsa, a Yawuri, shi ma sai da ya karance duk addu'ar da ya sani, shi ne zai tuƙa jirgi? Ashe babu ruwansu da lasisi in haya ce, kuɗinka kawai za ka biya su nuna maka.

Mun ɗauka daga wani kamfani a yankin Shropshire na Ingila, muka nufi garin Llangollen a Wales, sunan da har muka dawo babu wanda ya iya faɗinsa daidai. Kuɗin dai kowa ya ji a aljihunsa ko da muka raba biyar, ga kuɗin dizal daban.

Jirgin dogo ne sosai amma faɗinsa mita 2 ne da ɗan ɗoriya, kamar an ɗauki zaure an ja shi. Ciki akwai gadaje, kicin mai gas, ɗan firji, banɗaki da shawa, sai dai in mutum biyu suka haɗu a hanya dole ɗaya ya lafe jikin bango. Ma'aikacin ya yi mana bayani cikin sauri kamar ana korarsa, ya raka mu ɗan nesa kaɗan ya sauka ya ɗaga mana hannu, shi ke nan mun zama matuƙa. Wannan na cikin abun da ban ji daɗinsa ba, don rabin abun da muka iya daga bakin wasu matafiya muka koya.

Tuƙin daga baya ake yi, a tsaye a waje, da wani dogon ƙarfe. In kana so ka yi dama sai ka tura shi hagu, kuma jirgin sai ya yi shawara da kansa kafin ya amsa maka. Babu birki, ribas za ka saka, kuma a ribas ba ya jin magana ko kaɗan. Awa ɗaya da tashinmu na kai mu cikin ciyayin gefe, reshe ya tsinke min hula ta faɗa ruwa, ina kallo tana tafiya. Iyakar gudu mil 4 ne a awa, wata tsohuwa da karenta a hanyar gefe suka wuce mu tana gaishe mu, kuma in za ka gifta jiragen da aka ɗaure sai ka rage ma fiye da haka, wani dattijo ya leƙo ta taga ya zazzaga mana masifa don igiyar ruwanmu ta girgiza masa shayi.

Abun da ya fi tsaya min a rai shi ne lok, wato ɗakin nan na ruwa mai ƙofofi gaba da baya da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi, don ruwan magudana ba ya hawa tudu da kansa. Guda biyu muka tarar a New Marton. Ka shigar da jirgin cikin wani ramin bulo mai gansakuka da sanyi kamar rijiya, da ƙyar tafin hannu zai shiga tsakaninsa da bango, a rufe ƙofar baya, sannan mutum ya je ƙofar gaba da wani lanƙwasasshen ƙarfe ya dinga murɗawa ƙaƙas ƙaƙas har marfin ƙasa ya ɗago ruwa ya fara kwararowa. Ni ina ciki riƙe da ƙarfen tuƙi, jirgin na ja gaba yana dawowa, sai kawai na ga ina tashi a hankali, takalman abokaina na fara gani, sai gwiwa, sai fuska, sai ga filin tumaki ya buɗe. Ɗan Zariyan nan ya dage yana tura katakon ƙofar tun ruwan bai daidaita ba, gumi sharkaf, wata mata da ke jiran layi tace masa ya huta, ko mutum goma ne ba za su motsa ta ba. Da ruwan ciki da na waje suka zo daidai ya jingina bayansa kawai ta buɗe salin alin. Babu inji babu wuta, nauyin ruwa ne ke yin komai, dabarar da aka gina wajen da ita sama da shekara 200 har yau ita ce. A dawowa kuma in ana sauka sai ka kula kar gindin jirgin ya hau dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar sama, an ma shafa farin fenti a bango don nuna wajen.

Daga nan sai gadar Chirk da aka gama a 1801, gada ce mai ɗauke da ruwan magudanar da jirgi ke bi ta kanta, ka shiga daga Ingila ka fita a Wales, ga gadar jirgin ƙasa a gefe ta ɗara ta tsayi. Kana sauka sai ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon sama da mita 400, duhu ga ruwa na ɗiga a ƙeya, kuma da yake wannan magudanar tana ɗauko ruwa daga kogin Dee ne tana gangarowa da shi, mai hawa yana fama da ruwan ne, jirgin ya dinga jan ciki kamar ba zai fita ba.

Sai uwa uba gadar Pontcysyllte. Injiniyoyi Thomas Telford da William Jessop ne suka yi aikinta, an buɗe ta a 1805, tsawonta mita 307, tsayinta daga kogin Dee mita 38, UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe aka ɗora kan ginshiƙan dutse aka cika da ruwa. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen kuwa wallahi babu komai, ɗan leɓen ƙarfe ne sai iska, kuma mai tuƙi a nan yake tsaye. Na leƙa sau ɗaya na hango bishiyoyi ta samansu, ban ƙara ba. Wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu ya shige ciki wai zai ɗora ruwan shayi, bai fito ba sai da muka tsallake.

Tsakanin Trevor, ƙauyen da ke tsallaken gadar, da Llangollen akwai wuraren da suka matse jirgi ɗaya kawai ke wucewa, sai wani ya sauka ya yi gaba da ƙafa ya duba hanya ya kira a waya.

Maganar zama kuwa, ruwan tanki ƙarewa yake da wuri in mutum biyar suna alwala sau biyar ga wanka, kullum muna neman famfon gefen hanya. Sallah a ƙasa muke yi in mun ɗaure jirgi, don a ciki alƙibla na juyawa da kowace kwana. Naman halal daga Birmingham muka taho da shi, gara da mukai haka. Dare akwai sanyi ko a watan Yuni, bargon da suka bayar siriri ne, banɗakin kuma a rana ta uku ya fara sanar da kansa. Da magariba dole ka tsaya, ba a yarda 'yan haya su yi tafiyar dare ba, kuma intanet a wasu wuraren sai dai haƙuri.

Wanda ke neman hutu na kwanciya kar ya soma, aiki ne, hannuna har kanta ya yi saboda igiya. Amma zan koma, mun ma fara maganar bin ta Grindley Brook inda lok uku suke haɗe kamar matakala, wannan karon da rigar ruwa da safar hannu da hula mai igiya.