Bangkok ko Chiang Mai: wanne ya fi daɗin yawo da ƙafa?

Masu shirin zuwa Tailan sun sha tambayata wane gari za su fara taka wa ƙafa.

Bangkok tana yi wa baƙo maraba ne da zafi mai gumi, ƙarar tuk-tuk (babur mai ƙafa uku) da ƙamshin suya a bakin titi. Gefen hanyar da aka ware wa masu tafiya, masu sayar da abinci sun cinye shi, babura ma kan hau. Tsallaka titi sai da lura, domin a hannun hagu suke tuƙi. Garin ya fi ƙarfin ƙafa kaɗai. Dole ka haɗa da jirgin ƙasa na BTS ko kwale-kwalen kogin Chao Phraya. Amma daren unguwar Sinawa ta Yaowarat ya cancanci wahalar, ga kasuwar tufafi ta Pratunam, ga abincin halal a yankin Nana.

Chiang Mai kuwa, wadda aka kafa a 1296, tsohon garinta murabba'i ne da ragowar ganuwa da ruwa kewaye. Daga ƙofar Tha Phae kana iya ratsa shi cikin rabin awa. Masauki da abinci sun fi araha, akwai kuma masallacin Ban Haw kusa da kasuwar dare. Illarta hayaƙin ƙona gonaki daga Fabrairu zuwa Afrilu, mai asma ya kiyayi lokacin.

Ɗan kasuwa da matashi mai son hada-hada, Bangkok ta fi musu. Mai tafe da iyali ko dattijo, ya nufi Chiang Mai tsakanin Nuwamba da Janairu.